Hanyar Kuɗin Ƙasa Daga Kudu Zuwa Kano: Jawabi Ga Tsofaffin Ma'aikatan En'e Na Birnin Kudu Da Gwaram

  

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ƙofar gidan Hakimi da kaka, littafin ƙidaya bisa cinyarsa, tulin sulalla a gabansa, ya san aikin nan ba ya jawo wa mutum farin jini. Ba a taɓa jin an yi wa malamin haraji guɗa ba. Amma aikin ya girmi En'e nesa ba kusa ba, ya girmi zuwan Turawa, ya girmi tutar Shehu. Abin da za a ba da labarinsa yau shi ne hanyar da kuɗi su ke bi daga hannun manomi a Gwaram ko Birnin Kudu har su shiga taskar Sarki a Kano, da hannuwan da su ke ratsawa, da abin da ya kan auku in an ɗora wa mutane kayan da ya fi ƙarfin wuyansu.

Birnin Kudu tana kudu maso gabas da birnin Kano, kimanin mil 80, daidai inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Ningi da Bauchi, ɗaya ta bi ta Gwaram ta yi gabas. Ko da ya ke yau ƙasashen nan biyu suna cikin Jihar Jigawa da masarautar Dutse, a zamanin da za a ambata ƙasar Sarkin Kano ce, kuma su ne bakin iyakarsa ta wannan fuska. Wanda ya wuce su kaɗan ya fita hannun Kano, ya shiga duwatsun Ningi da Warji, ko ƙasar Bauchi, ko ta Katagum. A riƙe wannan da kyau. Mutumin Kumbotso ko Ungogo in haraji ya dame shi sai haƙuri, don Sarki na ganinsa. Mutumin Gwaram kuwa tafiyar yini guda ta isa ta raba shi da mai karɓa. Dukiyar ƙasar kuma ba ta jiya ba ce. A Dutsen Habude, nan kusa da gari, akwai zanen shanu da mutanen farko suka yi a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin na Fulanin yanzu ba. Ashe tun ba a raɗa wa jangali suna ba a ke kiwo a nan.

Maganar haraji ba ta fahimtuwa sai an san ta ƙasa tukuna. A al'adar Kano ƙasa ta Sarki ce, gona ta mai noma ce. Baƙo in ya zo yana son wurin zama, sai ya je wurin Mai Unguwa, shi kuma ya kai shi ga Dagaci, a nuna masa daji ya sare, ya kai gaisuwa gwargwadon hali. Muddin yana noma yana biyan abin da ke kansa, ba mai tashinsa. In ya mutu 'ya'yansa su gada. Yana iya ba da aro, yana iya jinginarwa in ya matsu. Amma ran da ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, gona ta zama saura, sai ta komo hannun Dagaci ya ba wani. Sarki da manyan masu sarauta suna da gandayensu waɗanda bayi ke nomawa, akwai kuma hurumi da a kan yafe wa waɗansu malamai da na jikin sarauta. To, a zamanin da daji ya fi mutane yawa, ba ƙasa ce mai tsada ba, hannun da zai riƙe fartanya shi ne abin nema. Sarkin da ke da daji tafiyar kwana uku ba kowa ciki bai fi mai kangon gida ba. Saboda haka arzikin sarauta duka yana rataye ga abu guda, watau mutane su zauna.

Littafin Tarihin Kano ya nuna sarakunan Haɓe sun daɗe da gane wannan. Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Shira, da 'yar Sarkin Rano, kowa kuwa ya duba ya ga garuruwan nan uku sun sa wannan yanki tsaka. A zamaninsa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, Galadimansa Dauda kuma ya yi ta yaƙi kudu yana aiko da bayi, ana kafa sababbin garuruwa da su. Bayansa kaɗan sai ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Shi ne Shaihu Maghili ya rubuta wa littafi bisa abin da ya wajaba kan sarakuna, inda ya keɓe babi biyu na ƙarshe ga dukiya, ɗaya kan inda ya halatta a karɓo ta, ɗaya kan inda ya kamata a kashe ta. Cikin mutanen da ya ce sarki ba ya rasa su har da marubuta da masu lissafi. Malaman En'e suna iya cewa tun nan aka ambaci aikinsu.

Sai dai rubuta ƙa'ida daban, tsayawa a kanta daban. Kutumbi, 1623 zuwa 1648, shi ne Sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga Fulani, da shanu a ke biya kuwa, ba da kuɗi ba: Jahunawa suka ba da 100, Ba'awa 70, waɗansu 60, waɗansu 50. Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wanda a zamaninsa wuri ya shigo ƙasar Hausa, ya ƙago hanyoyi bakwai na tara kuɗi, har da na kasuwar Kurmi, har da na budurwa in za ta yi aure. Ɗansa Kumbari ya ƙara a kan na uban. Ya matsa wa kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai jiziya, sai Larabawan birni suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse suka shiga ƙauyuka. Ba wanda ya ɗaga wa Kumbari takobi a kan wannan. Tafiya kawai aka yi aka bar shi da rumfuna.

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, cikin laifofin da ya lasafta wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi akwai jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla, da gaisuwar da a ke kai wa masu mulki, da abin da a ke tsinta daga kayan masu sayarwa a kasuwa. Aka yi jihadi, aka kori Alwali daga Kano, aka kashe shi a Burumburum. Amma sarauta tana da ciki, kuma cikin nan bai san tuta ba. Akwai dawaki da za a ciyar, akwai ganuwa da za a gyara, akwai gaisuwar Sakkwato kowace shekara. Kafin a yi nisa yawancin kuɗaɗen nan sun komo, waɗansu da tsohon sunansu. A kan zakka, watau dami guda cikin goma na hatsi, aka sami kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka, da kuɗin rafi na masu lambu, da kuɗin karofi, da jangali.

Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, zamanin Sarki Usmanu, ya rubuta abin da ya iske. Kowane maigida yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, daidai da dala guda ta azurfa a canjin lokacin. Kowace rijiyar karofi 700. Kowane itacen dabino 600. Kowane bawa da aka sayar a kasuwa 500. Ya kimanta abin da ke shiga wa Sarkin Kano a shekara ya kusa wuri miliyan 100. Malaman da suka saba ƙirga sule cikin jaka su tsaya su auna wannan. Keso guda wuri 20,000 ne, watau harajin gida takwas kaɗai, kuma kayan ƙato ne. Miliyan 100 keso 5,000 ke nan. Kowane wuri da hannu aka ƙirga shi, biyar biyar, a ƙasa, a ɗinke cikin tabarma, a aza wa jaki ko ɗan dako, a kama hanyar Wudil. Ga rairayi, ga kogi, ga 'yan fashi.

Ba nauyin kaya ne babbar wahalar ba, yawan hannuwa ne. A wancan zamani galibin Hakimai a birni su ke zaune kusa da Sarki, garuruwansu kuwa a warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai su aika da jakadu su karɓo musu. Tsofaffin garuruwa masu sarakunansu, irin su Rano da Gaya da Dutse da Birnin Kudu, sarakunansu na zaune a gida, amma su ma kowa da ƙofarsa a fada, wanda ta bakinsa za a ji shi, ta hannunsa kuma kayansa za su shiga. Manyan bayin Sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sun yi ƙarfi ƙwarai ta wannan hanya. To, Mai Unguwa ya karɓa ya cire nasa, Dagaci ya cire, jakada ya cire, ya ci kaji ya sha fura a gidan wanda ya saukar da shi, Hakimi ya cire, ƙofa ya cire. Ba sata a ke kiran wannan ba a lokacin, don ba mai albashi, abin da mutum ya cire shi ne abincinsa. Illar ita ce ba wanda ya san iyakarsa. Manomi bai san nawa Sarki ya ce ba, Sarki bai san nawa manomi ya bayar ba, ba kuwa wata shaida a hannun talaka in an komo an ce bai biya ba, sai rantsuwa da bakin maƙwabta.

Nan ne labarin ya taɓa Birnin Kudu da Gwaram a jikinsu. Wajen 1846, farkon sarautar Usmanu, waɗansu malamai na Tsakuwa, kudu da birnin Kano, shugabansu Malam Hamza, suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suna ganin ba hakki ba ne a kansu. Da suka ga fada ba za ta ƙyale su ba, sai suka yi abin da talakawan Kumbari suka yi, suka tashi. Amma su ba Katsina suka nufa ba. Duwatsun Ningi suka shiga, cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da su ma ba su da sha'awar biyan kowa kome. Malaman suka haɗa kansu, suka zama shugabanninsu, aka kafa wata sarauta sabuwa a bayan gidan Kano. Bayan Hamza aka yi su Ɗan Maje, da Haruna, da Ɗan Yaya, kuma daga nan har zuwan Turawa, shekara hamsin da 'yan kai, kudancin Kano bai yi barci da ido biyu ba.

A duba wa ya biya bashin wannan gardama. Ba jakadan da ya je Tsakuwa ba ne, ba kuwa wanda ya aike shi ba. Mutanen bakin iyaka ne. Ningawa su kan fito da rani su faɗa wa ƙauyuka, su kwashi mutane da shanu su koma dutse inda doki ba ya hawa. Masu ƙananan unguwanni suka taru cikin garuruwa masu ganuwa, gonakin nesa suka koma daji, fatake suka riƙa jiran ayari mai ƙarfi kafin su bi hanyar Bauchi. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau cikin 1855, ya sha fitowa da kansa ta wannan fuska, Takai ta zama sansani. Kowace fita kuwa da hatsin talakawan kudu a ke ciyar da dawaki, da hannunsu a ke gyaran ganuwa. Ga hari daga gaba, ga ciyar da mayaƙa daga baya. In da wani mai lissafi zai ɗora kuɗin ƙasar malaman Tsakuwa a ma'auni guda, ya ɗora abin da Kano ta yi hasara cikin shekarun nan a ɗayan, da ya ga an sayar da doki don a fanshi linzami.

Tun da ya ke Turawan da suka zo suka sake tsarin nan daga Ingila suka fito, ya kamata a leƙa a ga yadda nasu sarakunan suka yi fama da wannan al'amari, don kada a zaci da littafi a hannu aka haife su. A can ma ƙasa ta Sarki ce, kowa a hannunsa ya ke riƙe da ita. Tun 1086 Sarki Wiliyam ya aika aka rubuta kowace ƙasa da mai riƙe da ita, da garmunanta da dabbobinta. Kowace gunduma tana da wakilin Sarki, wanda ya kan zo baitulmali sau biyu a shekara a yi masa lissafi bisa wani tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai gida gida. Shaidar biya kuwa sanda ce. A kan sami ɗan itace a yi masa yanka gwargwadon kuɗin: fam 1,000 faɗin tafin hannu, fam 100 kaurin babban yatsa, fam 20 kaurin ƙaramin yatsa, fam 1 kamar ƙwayar sha'ir. Sa'an nan a tsaga shi biyu, mai biya ya tafi da tsagi guda, baitulmali ta ajiye guda. Ran da aka yi musu sai a haɗa, wanda ya ƙara yanka a nasa asirinsa ya tonu. Dabara ce ta mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba, amma ta yi aiki, don ba su bar ta ba sai 1826. Da aka zo ƙone tarin sandunan cikin 1834, wutar ta ƙwace ta cinye gidan majalisarsu.

Wajen ciniki, abin da karofi da saƙa su ke ga Kano shi ne gashin tumaki ga Ingila. Cikin 1275 Sarki Edwad na Ɗaya ya sa fito na sule 6 da kwabo 8 a kan kowane buhu da za a fitar, daga 1363 kuma aka tilasta wa fatake su bi da shi ta gari guda, Kale, a gaɓar Faransa, don kada buhu ya kuɓuce wa masu ƙirga. Har su ma sun yi tasu Tsakuwar. Cikin 1377, zamanin da Yaji ke sarautar Kano, aka sa wa kowane baligi kuɗin kai kwabo 4 saboda yaƙin Faransa. Da aka zo karo na uku sai aka mai da shi sule guda, ninki uku. Mutane suka ɓace daga littafin ƙidaya, wajen sulusinsu, kowane gari ya ɓoye nasa. Aka aika masu bincike, sai ƙauyuka suka tashi cikin 1381, suka shiga Landan, suka ƙone takardu, suka fille kan Ma'ajin Sarki da na babban limamin ƙasar. Sarki Ricad na Biyu yana ɗan shekara 14. An murƙushe tawayen, amma an daɗe ƙwarai ba a sake ambaton kuɗin kai a ƙasar ba.

Jikokin mutanen nan ne suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya naɗa Wambai Abbas Sarki. Abin da suka fara sa wa ido shi ne hannuwan nan da aka lasafta. Razdan Dr. Cargill, wanda Kanawa suka sa wa suna Mai Gunduma, ya tattara garuruwan da ke warwatse ya yanka ƙasa gunduma gunduma, wajen 1907 da 1908 aka fitar da Hakimai daga birni, kowa ya je ya zauna cikin mutanensa, aka kashe aikin jakada. Cikin 1907 aka soke fiton ayari. Aka narkar da zakka da kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da sauransu suka zama haraji guda, jangali kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. A gundumomin da ke kewaye da birni aka sa malaman taki su auna gonaki da ƙafa. Sa'an nan zamanin Razdan Mr. Temple aka kafa Baitulmali a Kano, bisa misalin wadda Mr. Palmer ya fara a Katsina. Gwamnati ta ɗauki rabi, rabi ya shiga Baitulmali, daga ciki a ke biyan kowa albashi, tun daga Sarki har ɗan doka. Dokar ƙasa ta 1910 kuma ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, ko da ya ke a ƙauye Dagaci ne dai ke nuna wa baƙo daji kamar da.

Daga nan ne aka haifi ma'aikacin En'e irin wanda ke zaune a taron nan. Da shi aka zo da abin da talakan Kano bai taɓa riƙewa ba, watau rasit. 'Yar takarda ce, ba ta kai tafin hannu ba, amma aikinta ɗaya da tsagin sandan nan na Ingila: rabi a hannun mai biya, gindinta a littafi. Tsofaffi sun san yadda a ke adana ta, cikin kuttu ko cikin layar hula ko a soke a jinka, don ran da D.O. ya zo rangadi ya tara gari a gindin itace, ita za a ce a fito da ita. Mutumin da ba ya karanta ko harafi guda ya san in tana hannunsa ba mai sake tambayarsa na bana.

Ba a ce gyaran ya zo ba tare da tasa cutar ba. Zakka da dami a ke biyanta, in damina ta yi kyau ta yi yawa, in ta ɓaci ta ragu da kanta. Haraji kuwa da sule a ke biyansa, sule bai san fari ba. An hana shigo da wuri tun 1904, Baitulmali kuma ta koma ba ta son kome sai kuɗin Turawa, saboda haka dole manomi ya nemi abin da zai sayar. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, Birnin Kudu ta zama wurin tara ta. Shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi haraji ba ya ciwo. Amma a yunwar 1914, da kuma shekarun 1930 da 'yan kai sa'ad da kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas, mutane sun sayar da hatsin ci da kaka, lokacin da ya fi araha, don su sami rasit, su komo su saye shi da tsada da bazara. Tsohuwar hanyar tsira kuma ba ta toshe ba. Da an ji malamin jangali ya fito da damina, sai a wayi gari ruga ta tashi ta haye iyakar Bauchi ko Katagum, sai toka da kashin shanu. Hakiman bakin iyaka sun san in sun tsananta bana, baɗi littafinsu zai rame, Razdan kuma zai tambaye su dalili.

Gaskiya ce kuma, ba za a ɓoye ta a taron 'yan gida ba, rasit bai hana hannu mai ƙaiƙayi aikinsa ba. An yi Dagatai da suka ɓoye gidaje daga ƙidaya suka karɓa don kansu, an yi waɗanda suka karɓi sule bakwai suka rubuta shida, an yi malaman da suka rufe ido aka ba su nasu. Bambancin da ke tsakanin wannan da zamanin jakada shi ne yanzu abin yana da suna, yana da littafin da zai tona shi, an kuwa tuɓe rawuna da yawa a kansa. Akwai kuma waɗanda ba a jin labarinsu, don mai gaskiya ba ya shiga rahoto: malamin da ya kwana uku yana neman kwabo biyu da suka ɓace a lissafi, da wanda ya raka akwatin kuɗi daga Gwaram har Kano bisa doki da 'yan doka biyu, bai runtsa ba sai da Ma'aji ya sa hannu. Littafin nan bai bar kowa ba. Binciken kuɗin En'e ta Kano da aka fara cikin 1962 shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi cikin 1963.

Sauran labarin da yawa cikin masu sauraro da idonsu suka gani. Bayan 1966 soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Fam da sule suka ba naira wuri cikin 1973. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa ga Gwamnan jiha, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da gonakin karkara. Cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, shekara 330 da ɗoriya bayan Kutumbi. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa, hanyar kuɗin Birnin Kudu da Gwaram ta bar Wudil ta juya Dutse. Abin da ya saura na tsohon aikin shi ne tikitin da a ke yanka wa mai buhu da mai akuya ran kasuwa, a Sara da sauran kasuwannin ƙasar. Rahotannin kimanta haraji na gundumomin Lardin Kano kuwa suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da sunayen garuruwa, da yawan gidaje, da shanu, da abin da aka yanka wa kowane gari.